Dashen Tsire-tsire Masu Cin Ƙwari da Zaɓen Ƙasar da ta Dace da Su a Yankin Gaya da Ajingi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa shuka da taki take yi. Manomin Gaya ko Ajingi tun da rani yake fara jigilar taki zuwa gona, a kan jaki ko a amalanke, domin ya san jigawar da ya gada ba ta ba da gero ko gyaɗa sai an ciyar da ita. Wannan sani gaskiya ne, kuma shi ne ya riƙe noman ƙasar Kano shekaru aru-aru. To, amma akwai wani rukuni na tsire-tsire wanda wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba, har ma bin ta shi ne ajalinsa, watau tsire-tsire masu cin ƙwari.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda ake sauya wa irin waɗannan tsire-tsire tukunya, da yadda ake haɗa musu ƙasa daga abubuwan da ake samu a yankin Gaya da Ajingi. Dalilin ɗauko zancen kuwa shi ne, littattafan kimiyyar halittu na makarantun sakandare suna ambaton su a babin hanyoyin cin abincin tsirrai, amma galibin ɗalibanmu, har da waɗanda muke horarwa su zama malamai, a hoto kawai suka san su. Idan kuma aka yi dace wata makaranta ta sayo ɗaya da tsada, sai a miƙa shi ga mai kula da lambu, shi kuma da kyakkyawar niyya ya dasa shi a baƙar ƙasa mai taki, ya riƙa ba shi ruwan rijiya. Kafin a yi nisa tsiron ya bushe, sai a ce ai ƙasarmu ce ba ta karɓe shi ba.

Domin sauƙin bayani, zan yi amfani da waɗansu sunaye na Hausa da na ga sun dace da siffar kowanne. Drosera zan kira shi mai-raɓa, saboda ɗigon danƙon da ke ƙyalli a kan gashin ganyensa. Utricularia zan kira shi mai-zabira, saboda 'yan jakunkunan da yake farauta da su. Nepenthes shi ne mai-tulu, Dionaea kuwa mai-tarko. Masana harshe da ke wannan taro suna da damar gyara mini.

2.0 Abin da ya sa suke cin ƙwari

Tun a 1875 Charles Darwin ya wallafa littafi sukutum a kan waɗannan tsire-tsire, inda ya nuna ta hanyar gwaji cewa mai-raɓa yana narkar da ƙwaron da ya kama, ya kuma tsotse abin da ya narke. A yau an san ire-irensu fiye da 600 a duniya. Dukkansu koraye ne, suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar dawa da gero. Abin da suke nema a jikin ƙwaro shi ne abin da sauran tsirrai ke samu a taki, musamman naitirojin da fosfaras. Mazauninsu na asali wurare ne masu danshi da tsami, inda ruwan sama ya daɗe yana wanke ƙasa har ya bar ta fayau. A irin wannan wuri ganye ya karɓi wani ɓangare na aikin saiwa, saiwar kuma ta zama 'yar siririya, ba ta da aiki mai yawa sai shan ruwa da riƙe tsiro.

A nan ne taki yake zama guba. Takin zamani gishiri ne, takin dabbobi da toka su ma cike suke da gishirin ma'adinai. Kowace uwargida ta san cewa idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa, nan da nan sai ta fara tsattsafo da ruwa. Haka yake faruwa ga saiwar da ba ta saba da gishiri ba: maimakon ta sha ruwa daga ƙasa, sai ƙasa ta riƙa shan ruwa daga jikinta, tsiron ya mutu da ƙishirwa alhali yana zaune cikin danshi.

Akwai misali mai ban sha'awa daga Afirka ta Yamma. Triphyophyllum peltatum wata igiya ce ta kurmin Saliyo da Laberiya da Kwaddibuwa, wadda aka tabbatar da cin ƙwarinta a 1979. Ba kullum take fitar da ganyen farauta ba. A 2023 masu bincike a Jamus suka nuna cewa ƙarancin fosfaras ne yake sa ta fitar da shi. Ashe dai yunwar ƙasa ita ce tushen wannan ɗabi'a.

3.0 Na gida da baƙi

Kafin a yi zancen ƙasa, ya kamata a yanke shawarar wanda za a reno, domin a nan ake fara asarar kuɗi. Mai-tarko shi ne ya fi suna, kuma shi kowa yake so, saboda yana rufe baki cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya idan ƙwaro ya taɓa gashinsa sau biyu a jere. Amma asalinsa wani ɗan yanki ne na jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu a Amurka, kuma yana bukatar barcin sanyi na kimanin wata uku kowace shekara, a yanayin da bai wuce digiri 10 ba. Hunturunmu yana da sanyin dare, amma da rana ta ɗaga sai zafi ya dawo. Ana iya sa shi a firji, sai dai kowa ya san halin wutar lantarki. A ganina bai kamata makaranta ta fara da shi ba. Mai-tulu ɗan kurmin kudu maso gabashin Asiya ne da Madagaska, ire-irensa na ƙasa-ƙasa suna jure zafi, amma bushewar iskar hunturu tana hana su yin tulu sai an killace su. Ban da haka, su biyun duka suna cikin jerin yarjejeniyar CITES, saboda haka shigo da su daga waje sai da takardun izini.

Abin da aka fi mantawa shi ne muna da namu. Littafin tsirran Afirka ta Yamma na Hutchinson da Dalziel, wanda ya fara fita tsakanin 1927 da 1936, ya ƙunshi mai-raɓa da mai-zabira. (Wannan Dalziel shi ne dai likitan da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916.) Peter Taylor na lambun Kew a Ingila ya yi nazarin masu-zabira na Afirka a 1964, sa'an nan a 1989 ya fitar da babban littafinsa mai ɗauke da iri 214 na duniya baki ɗaya. Daga cikin waɗanda ke zaune a tabkuna da kududdufan ƙasashen sabana akwai Utricularia stellaris, mai fure rawaya wanda ke tsaye a kan waɗansu 'yan balo-balo da suka jeru kamar tauraro, da Utricularia gibba, mai kama da zare. Ba su da saiwa ko kaɗan, yawo suke yi a cikin ruwa tsakanin bado da kainuwa, kuma mai wucewa zai ɗauka gansakuka ne. Zabirarsu ba ta wuce ƙwayar gero ba, amma tana zuƙe ɗan ƙwaron ruwa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Akwai kuma Drosera indica, mai dogayen ganye sirara, wanda ke fitowa da damina a rairayi mai tsattsafo da gefen gonakin shinkafa, ya yi iri ya mutu da shigowar rani.

Wuraren da suka cancanci a duba a yankinmu su ne fadamu da tabkunan da ke bin kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja, musamman ta ɓangaren Ajingi, daga Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau kuma furanni suka fito. Mai shiga irin wannan ruwa ya sa takalmin roba mai tsawo saboda tsargiya, ya kuma ɗebi kaɗan ya bar saura.

4.0 Ƙasar yankin, da abin da za a ɗauka daga cikinta

Manomanmu sun rarrabe ƙasa tun kafin zuwan boko: akwai jigawa, da laka, da daɓaro, da fako, da marmara. Mafi yawan gonakin tudu na Gaya da Ajingi jigawa ce, watau rairayin da iska ta tara tun zamanin da. Tun da jigawa ta yi suna wajen rashin ƙarfi, mutum zai zaci ita ce ta dace da tsiron da ke son ƙasa matalauciya. Wannan zato yana da rauni ta fuska biyu. Da farko, da wuya a sami gonar da ba ta sha taki da toka da sharar gida ba, ga kuma takin zamani da ya shigo daga baya. Na biyu, kuma wannan shi ne abin da littattafan Turai ba su yi la'akari da shi ba, akwai ƙurar hunturu. Mafi yawan wannan ƙura tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tabki ne, tana kuma ɗauke da kalsiyam da fotashiyam. Ga manomi wannan takin kyauta ne da ke sauka kowace shekara. Ga mai renon mai-raɓa kuwa, ma'anarsa ita ce ko da ya haɗa ƙasa mai tsabta, hunturu ɗaya ya isa ya fara ɓata ta.

Laka da daɓaro ba su shiga lissafi ba, domin suna riƙe gishiri suna kuma toshe iska. Abu ɗaya tak da za a ɗauka daga ƙasar yankin shi ne yashin kogi, mai manyan ƙwayoyi, irin wanda magina ke so. Shi ma sai an gwada shi. Kowa ya san yadda kanwa take kumfa idan ta gamu da tsamiya. A zuba yashi a gindin kofi, a matsa masa lemun tsami. Idan ya yi kumfa ko ya yi ƙara, akwai ƙasa mai alli ko ɓawon katantanwa a ciki, sai a bar shi. Wanda ya tsallake wannan gwaji sai a tankaɗe shi, a yi ta wankewa har ruwan ya fita fari, a yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan sama.

Yashi kaɗai ba ya riƙe ruwa, ba shi kuma da tsami. A Turai da Amurka ana cakuɗa shi, awo ɗaya da awo ɗaya, da ruɓaɓɓen gansakukan Sphagnum, wanda 'yan kasuwa ke kira fit-mos. Tsaminsa a ma'aunin pH yana tsakanin 3.5 da 4.5, kuma kusan babu abinci a cikinsa. Ba a samun sa a ƙasarmu, domin zafi da gara ba sa barin ganye ya taru ya daɗe, saboda haka duk wanda aka gani a kasuwa daga waje ya zo. Idan an same shi, babu abin da ya kai shi. Sai dai a karanta jikin buhun da kyau, domin galibin wanda ake sayar wa masu furanni da masu renon tumatir an riga an zuba masa taki da farar ƙasa, kuma wannan ya fi jigawar gona illa.

Idan ba a same shi ba fa? Abin da ya fi kusa shi ne dusar ɓawon kwakwa, wadda ake matsewa kamar bulo. Tana riƙe ruwa sosai, amma tsaminta kaɗan ne, kusan 6 a ma'aunin, kuma takan zo da gishiri. Dole a jiƙa ta cikin ruwan sama, a matse, a zubar, a sake jiƙawa, a yi haka sau da yawa cikin mako ɗaya ko biyu. Mai-tulu yana jin daɗinta, Drosera indica ma yana haƙuri da ita idan yashi ya fi yawa. Mai-tarko kuwa ba ya daɗewa a cikinta.

Akwai kuma ɓuntun shinkafa, wanda ake tarawa tsibi-tsibi a bakin injinan casa ba mai so. A ƙasashen waje ana sa wani farin dutse marar nauyi, falayit, domin iska ta shiga ƙasa. Ɓuntu yana iya yin wannan aiki, domin yana da tauri, ba ya saurin ruɓewa. A zaɓi na shinkafar da aka turara, a shiƙe dusar da ke ciki, tun da ita ce ke kawo fumfuna, a kuma wanke. Bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin ba. Gawayi ana iya sa 'yan gutsattsari ga mai-tulu, bayan an wanke tokar da ke jikinsa. Dusar katako ban ba da shawararta ba, tana dunƙulewa ta yi wari.

Haɗin da nake ba da shawara ga mai-raɓa shi ne awo biyu na wankakken yashi da awo ɗaya na fit-mos ko wankakkiyar dusar kwakwa. Ga mai-tulu kuwa, awo biyu na ɓawon kwakwa da aka yayyanka gutsu-gutsu, awo ɗaya na dusarsa, awo ɗaya na ɓuntu, ta yadda idan aka zuba ruwa zai wuce nan take.

5.0 Ruwa da tukunya

Duk wahalar wanke yashi banza ce idan ruwan bai dace ba. Masu renon waɗannan tsire-tsire sun yi ittifaƙi cewa narkakken gishirin da ke cikin ruwan kada ya wuce miligiram 50 a kowace lita. Akwai ɗan ma'auni mai kamar alƙalami da masu sana'ar ruwan leda ke amfani da shi, ya kamata kowane ɗakin gwaji ya mallaki ɗaya. A ƙaddara ruwan wata rijiya yana da miligiram 200 a lita, tukunya kuma tana shanye rabin lita a yini da bazara. Ruwan zai tashi ya bi iska, gishirin ya zauna: miligiram 100 kowace rana, giram 3 a wata ɗaya, a cikin 'yar tukunyar da ba ta kai kwanon awo ba. Tafasa ruwa ba ya raba shi da gishiri, ƙara masa kauri ma yake yi. Ruwan leda shi ma sai an auna.

Mafita ita ce ruwan sama. Damina a nan wata huɗu ce zuwa biyar, saboda haka sai a yi tanadin na sauran shekara. A bar ruwan farko da na biyu su wanke ƙurar kwano, sa'an nan a tara a durom na roba mai murfi. Tankin siminti ba ya yi, domin siminti yana sakin alli. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma mai kyau ne, kuma zubar da shi ake yi.

Tukunyar yumɓu, duk da kyanta, tana tara gishiri a jikinta. Baƙar ledar da masu renon itatuwa ke amfani da ita kuwa, a watan Afrilu da zafi kan kai digiri 40, dafa saiwa take yi. Abin da ya dace shi ne farar roba mai huji a gindi, mai zurfin santimita 12 zuwa 15. Game da zafi, muna da dabara a maƙwabta. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa hanyar adana kayan lambu ta tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu. Haka za a yi a nan. A sa tukunyar tsiron cikin wata roba marar huji, a sa wannan cikin kaskon yumɓu, a cika tsakani da yashi. Wannan yashi na waje ana iya jiƙa shi da ruwan rijiya, tun da ba zai taɓa ƙasar tsiron ba, sai a tsimi ruwan sama.

6.0 Yadda ake dashen

Littattafan Turai suna cewa a yi dashe a ƙarshen sanyi, kafin tsiro ya farka. Idan muka bi wannan a zahirinsa, za mu yi dashe a watan Maris, watau mu fitar da saiwa daidai lokacin da iska ta fi bushewa kuma zafi yake tafe. Lokacin da ya dace da mu shi ne bayan damina ta kankama, ƙarshen Yuni zuwa Yuli: iska tana da laima, ruwan sama yana nan a wadace, ƙurar da ta taru da hunturu kuma sai a rabu da ita tare da tsohuwar ƙasa. Saboda wannan ƙura, sau ɗaya a shekara ya kamata a sauya, ko da tsiron bai cika tukunya ba. Idan kuwa aka ga fari-fari a saman ƙasa, ko ƙasar ta fara wari, ko sababbin ganye suna fitowa ƙanana da ƙonannen baki, ba a jiran damina.

A jiƙa sabon haɗi tun jajibiri, domin busasshen fit-mos ƙin ruwa yake yi. A yi aikin da sassafe ko da la'asar sakaliya, a inuwa. Ba a jan tsiron ta ka. A tare saman ƙasar da yatsu, a kife tukunya, a bubbuga gindinta. Sa'an nan a tsoma dunƙulen cikin kwaryar ruwan sama, a girgiza a hankali har tsohuwar ƙasa ta zube. Akwai wurin da ake yawan kuskure: saiwar mai-tulu da ta mai-tarko baƙa ce tun asali, siririya kamar gashi, kuma mai lambun da ya saba da farar saiwar tumatir zai ɗauka ta mutu ya datse ta. Abin cirewa shi ne wanda ya yi laushi yana saɓulewa a hannu. A yi rami mai zurfin da saiwa za ta miƙe, a tsayar da wuyan tsiron daidai da saman ƙasa, a tura ƙasa ta gefe ba tare da dannawa ba. A zuba ruwa ta sama sau ɗaya domin ƙasa ta zauna. Daga nan mai-raɓa sai a ajiye tukunyarsa cikin faranti mai ruwa santimita ɗaya ko biyu. Mai-tulu ba ya zama cikin ruwa, saiwarsa ruɓewa take yi. A bar su a inuwa mai haske mako biyu, kada a ba su ƙwari, kada kuma a tsorata idan raɓa ta ɗauke ko tsofaffin tuluna suka bushe.

Namu na gida suna da nasu hukunci. Drosera indica ba ya son dashe, kuma tun da shekara ɗaya yake yi, babu dalilin wahalar da shi. A tara irinsa a takarda da kaka, a barbaɗa a saman sabon haɗi da damina, ba a rufe shi da ƙasa, a bar shi inda ya tsiro. Mai-zabira kuwa, da yake ba shi da saiwa, sauya masa mazauni sauya ruwa ne. A sami baho mai faɗi, a shimfiɗa wankakken yashi, a sa ɗan busasshen haki ko bambaron shinkafa da aka riga aka jiƙa, wanda ruɓewarsa a hankali take ba ruwan ɗan tsami tana kuma kiwon ƙananan halittun da tsiron ke ci. A zuba ruwan sama, a bar shi ya kwana bakwai, sa'an nan a kawo tsiron tare da wani kaso na tsohon ruwansa, bayan an tsince katantanwa. Babban abokin gabarsa shi ne gansakuka mai yauƙi, wanda ke yawaita idan abinci ya yi yawa a ruwa ko rana ta yi tsanani. 'Yar kainuwa kaɗan tana rage shi, muddin ba a bar ta ta rufe fuskar ruwan ba. Mai-zabira yana kama ƙananan tsutsotsin sauro, amma ba ya cinye su duka, don haka bahon da ke kusa da aji ko ɗakin kwanan ɗalibai sai a rufe shi da yankin gidan sauro.